Daga Bariki Zuwa Fada Da Kasuwa: Tarihin Shigar Soja Cikin Mulki Da Tsaron Cikin Gida A Nijeriya

1.0 Gabatarwa

A bakin Bahaushe, idan aka ce soja ya koma bariki, abin da ake nufi shi ne mulki ya dawo hannun farar hula. An yi wannan magana a watan Oktoba na 1979, aka sake yin ta a watan Mayu na 1999. Maganar kuwa tana ɗauke da wani zato a cikinta, wato cewa bariki shi ne mazaunin soja na asali, aikinsa shi ne ya zauna can yana jiran abokin gaba daga waje, fitowarsa cikin gari kuma wani tsautsayi ne da ya auku a 1966. Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin rundunar sojan Nijeriya domin a nuna cewa zaton nan bai dace da abin da ya wakana ba. Don aikin cikin gida aka kafa rundunar tun farko, juyin mulki kuma reshe ne da ya tsiro daga wannan saiwa, shi ya sa da aka sare reshen a 1999 saiwar ta ci gaba da yaɗo. Da yake harshen Hausa ya yi doguwar tafiya tare da wannan runduna, za a riƙa waiwayar wasu kalmomi da tafiyar ta haifar, domin sau da yawa kalma takan adana abin da takardun hukuma suka manta.

2.0 Rundunar Da Aka Kafa Don Cikin Gida

Rundunar sojan Nijeriya tana ƙirga shekarunta ne daga 1863, lokacin da wani hafsan sojan ruwa na Ingila, John Glover, ya tara wasu Hausawa a Legas, akasarinsu bayi da suka gudo daga iyayengijinsu, ya ba su bindigogi. Aikin wannan ƙungiya, wadda aka sani da Hausawan Glover, shi ne tsare hanyoyin fatauci da tilasta wa garuruwan da ke kewaye da Legas bin umarnin gwamna. Ba a rarrabe tsakanin soja da ɗan sanda a cikinta ba, mutum ɗaya ne ke yin aikin biyu. Haka kuma abin yake ga dakarun Kamfanin Neja da suka ci Bida da Ilori a 1897. A wannan shekarar ce aka ɗora wa Lugga nauyin kafa Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma, wadda daga baya ta haɗiye waɗannan ƙananan rundunoni. Ko da yake akwai kalmar iyaka a cikin sunanta, kuma gasar da ake yi da Faransa a kan Bargu ita ce ta gaggauta kafa ta, mafi yawan harsashin da ta harba a ƙirjin mutanen ƙasar nan ya sauka.

Ita ce ta ci Kano a watan Fabrairu na 1903 da Sakkwato a watan Maris, ta kuma bi Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya har Burmi, inda ya yi shahada a watan Yuli. Sojan da suka yi wannan aiki a Kano ba su kai 1,000 ba, kuma in ban da hafsoshi da wasu sajoji Turawa, duk baƙar fata ne, yawancinsu masu jin Hausa da Yarabawa. Bayan cin ƙasa sai aikin danne ta. A 1906 mutanen Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato, suka yi bore suka kashe Turawa uku da wasu sojoji. Martanin da aka mayar a watan Maris ya halaka mutane kimanin 2,000, aka rushe garin, aka hana sake zama a cikinsa. A 1918 aka tura soja ƙasar Egba saboda boren haraji. A 1929 kuma, lokacin boren matan Aba da kewaye, aka buɗe wa mata wuta a Opobo da Abak da Utu Etim Ekpo, sama da 50 suka mutu. Gaskiya ne cewa rundunar ta yi yaƙi a waje, a Kamaru da Gabashin Afirka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da Habasha da Bama a na Biyu, amma waɗannan yaƙe-yaƙen Ingila ne aka ara ta ta yi. Da an gama sai ta dawo ga sana'arta ta kullum, wato sintiri cikin ƙasa domin talaka ya ga bindiga ya biya haraji.

A tsawon wannan zamani Hausa ce harshen bariki. Da ita hafsan Bature yake magana da kurtu, da ita kuma Batibi da Babarbare da Bazabarme da mutumin Dakarkari suke fahimtar juna, har aka samu wani nau'in Hausa mai sauƙin nahawu da masana ke kira Barikanci. Sai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Ingilishi ya fara ture ta a hukumance. Daga nan ne harshen ya samu kalmomi irin su soja da hafsa da kofur da saje da samanja da manjo da fareti da bataliya da gadurum. Abin lura a nan shi ne irin ma'anar da ita kanta kalmar bariki ta ɗauka. Ta tashi daga mazaunin soja ta koma duk wani wuri da ikon sarki da kunyar iyaye ba su kai ba, har aka samu ɗan bariki da zaman bariki da iya bariki. Al'ummar da ta ba kalmar wannan ma'ana ba ta ɗauki soja a matsayin mai kare ta ba. Haka nan kalmar farar hula: ana fahimtarta sosai idan aka tuna cewa jar dara ce hular sojan Turawa. Wato mutumin gari ya samu sunansa ne ta hanyar bambanta shi da mai kaki, alhali a da talaka ne ko basarake ko malami ko attajiri.

3.0 Jamhuriya Ta Farko

A 1958 ne ikon rundunar ya bar hannun Ma'aikatar Yaƙi ta Landan ya dawo Legas. Abin da 'yan siyasa suka gada ƙaramar runduna ce, wadda ko a farkon 1966 ba ta wuce mutum 10,500 ba, kuma hafsoshinta 'yan ƙasa sababbi ne ƙwarai, domin sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara ba ɗan Nijeriya muƙamin hafsa. Turawa suna tafiya, gurabe suna buɗewa, samari 'yan shekara 30 suka zama manjo da laftana-kanar cikin ɗan lokaci. Da aka ga yawancin hafsoshi daga Kudu suke, musamman Gabas, alhali yawancin masu ɗaukar bindiga daga Arewa, sai aka shigo da tsarin kaso a ɗaukar hafsoshi a 1961: rabi ga Arewa, rubu'i ga Gabas, rubu'i ga Yamma. Dalilin tsarin a fili yake, kuma yana da hujja. Sai dai ya koya wa kowane hafsa cewa ci gabansa yana rataye da ƙarfin 'yan siyasar jiharsa, wannan kuwa darasi ne mai tsada.

A daidai wannan lokaci gwamnati ta shiga jawo rundunar cikin rigingimun jam'iyyu. A ƙasar Tibi, inda magoya bayan jam'iyyar UMBC ta Joseph Tarka suke ja da Hukumar En'e mai goyon bayan NPC, an yi tarzoma a 1960, aka sake yin wadda ta fi ta muni a 1964. Da abin ya fi ƙarfin 'yan sanda sai aka tura soja a watan Nuwamba na wannan shekara. Sojojin rundunar da yawa sun yi aiki a Kwango, inda suka ga yadda ƙasa take wargajewa, suka kuma ga matsayin da mai bindiga yake samu idan ta wargaje. Wata guda bayan haka aka yi zaɓen tarayya na Disamba 1964, wanda gamayyar UPGA ta ƙaurace wa. Shugaban Ƙasa Nnamdi Azikiwe ya ƙi kiran Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, ya kuma nemi sanin ko shugabannin soja da na 'yan sanda za su bi umarninsa. Su kuwa, ƙarƙashin Manjo-Janar Welby-Everard, Baturen ƙarshe da ya shugabanci rundunar, suka nemi shawarar masana shari'a, aka tabbatar musu cewa umarni a hannun Firayim Minista yake. An sasanta cikin 'yan kwanaki. Amma duk wani ƙaramin hafsa ya ga cewa manyan ƙasa biyu sun yi jayayya, kuma abin da ya raba gardamar shi ne ɓangaren da bariki ya karkata.

Zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965 da ƙone-ƙonen da suka biyo bayansa su suka cika ma'aunin. Ran 15 ga Janairu 1966 wasu manjoji suka kashe Firayim Minista da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Samuel Akintola da Festus Okotie-Eboh, tare da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Birgediya Ademulegun da Kanar Kur Muhammad da Kanar Shodeinde da Laftana-Kanar Abogo Largema da Yakubu Pam da Arthur Unegbe. Waɗanda suka tsira daga cikin masu juyin, kamar Adewale Ademoyega a littafinsa na 1981, sun ambaci yadda ake amfani da soja wajen danne 'yan hamayya a cikin dalilansu. Wannan ba ya wanke su, domin duk wanda ya dubi jerin waɗanda aka kashe da waɗanda aka bari zai ga ma'aunin ya karkace, kuma wannan karkata ita ta haifi ramuwar 29 ga Yuli da kashe-kashen Ibo a garuruwan Arewa a wannan shekara. Abin da dalilin nasu yake nunawa kawai shi ne, wanda aka saba aika shi ya raba faɗan siyasa, wata rana zai ga cewa shi ma ya isa ya yanke hukunci. Ragowar ministoci suka miƙa mulki ga Manjo-Janar Aguiyi-Ironsi washegari da dare.

4.0 Mulkin Soja Da Raunana 'Yan Sanda

Daga Janairu 1966 zuwa Mayu 1999 soja ya riƙe ƙasar nan kimanin shekara 29, in aka cire mulkin Shehu Shagari na 1979 zuwa 1983 da watanni uku na Ernest Shonekan a 1993. Jerin juyin mulkin sananne ne, ba sai an tsaya a kansa ba. Abin da ya fi buƙatar nazari shi ne yadda waɗannan shekaru suka sauya tsarin tsaron cikin gida, ta yadda gwamnatocin farar hula da suka biyo baya suka tarar ba su da wani makami a hannu sai soja.

Mataki na farko shi ne rushe 'yan sandan gargajiya. Kafin 1966 akwai 'yan sanda iri biyu a Arewa da Yamma: na tarayya, da kuma na Hukumar En'e, waɗanda Hausawa ke kira 'yan doka, magadan dogaran sarki. 'Yan doka sun yi ƙaurin suna wajen musguna wa 'yan NEPU da sauran 'yan hamayya, saboda haka ba a yi kuka sosai ba da gwamnatin soja ta karɓi shawarar kwamitin Gobir ta narkar da su cikin 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960, ta kuma karɓe kotunan alkalai da gidajen yari daga hannun sarakuna. Gyara ne na gaske. Amma ɗan doka, duk da laifinsa, ɗan gari ne: ya san harshen mutane, ya san ɓarawon unguwa da gidan da yake kwana, ya san mai unguwar da zai tambaya. Wanda ya maye gurbinsa daga Legas ake turo shi, sau da yawa ba ya jin harshen garin da aka kai shi.

Mataki na biyu Yaƙin Basasa ne ya kawo shi. Yana da kyau a tuna cewa da aka fara yaƙin a watan Yuli na 1967, gwamnatin Yakubu Gowon ta kira shi aikin 'yan sanda ne kawai na kama masu tawaye. Kafin a gama a Janairu 1970 rundunar ta kumbura ta kai mutum kimanin 250,000, babu isassun barikokin da za su ɗauke su, sai aka zuba su cikin gari suna haya tare da jama'a. Makamai suka bazu, fashi da makami ya yawaita. Maganin da aka kawo shi ne dokar soja ta 1970 da ta kafa kotuna na musamman, masu hafsan soja a cikin alkalansu, tare da harbe 'yan fashi a bainar jama'a, kamar yadda aka yi wa Ishola Oyenusi a bakin tekun Legas a 1971. A shekarar 1970 ɗin ne kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar Lakanmi, ta yi yunƙurin cewa dokar soja tana ƙarƙashin tsarin mulki. Cikin 'yan makonni gwamnati ta fito da Doka ta 28 ta soke hukuncin, ta hana kowace kotu sake tuhumar dokarta. Daga nan soja ya haɗa yin doka da zartar da ita da yanke hukunci a hannu guda.

Da farko an tafi da 'yan sanda cikin mulki, har uku daga cikin gwamnonin jihohi 12 na Gowon manyan 'yan sanda ne: Audu Baƙo a Kano, Usman Faruk a Arewa Maso Yamma, Joseph Gomwalk a Binuwai-Filato. Daga baya sai zumuncin ya koma kishi. Gwamnatin da ta zo da bindiga ba ta son ganin wata bindiga mai ƙarfi a hannun da ba nata ba. Shagari ya ƙarfafa 'yan sanda a ƙarƙashin Sufeto-Janar Sunday Adewusi, har ya saya musu motoci masu sulke, waɗanda aka yi ta zargin an yi amfani da su wajen zaɓen 1983; da soja ya dawo a ƙarshen wannan shekara sai ya karɓe motocin. Shekarun da suka biyo baya na ƙarancin albashi ne da lalacewar barikokin 'yan sanda da dakatar da ɗaukar sababbi, har ɗan sanda ya zama abin da mutane suka sani a bakin shinge yana miƙa hannu.

Tarzomar Maitatsine ta nuna inda aka kwana tun kafin haka. A watan Disamba na 1980 mabiyan Muhammadu Marwa suka yi kwanaki suna fatattakar 'yan sanda a unguwar 'Yan Awaki cikin birnin Kano, sai da gwamnatin farar hula ta kira sojan ƙasa da na sama suka yi ruwan wuta a tsakiyar gari kafin a ga bayansu. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Aniagolu ta ce mutum 4,177 suka mutu. Rikicin ya sake ɓulla a Bulumkutu a 1982, da Jimeta a 1984, da Gwambe a 1985. Darasin da hukumomi suka ɗauka daga Kano shi ne a riƙa kiran soja da wuri. Na cewa a gina 'yan sandan da za su gano irin wannan ƙungiya tun tana ƙarama, ba a ɗauke shi ba, ga shi kuwa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A zamanin Muhammadu Buhari na farko soja ya shigo har cikin ɗabi'ar yau da kullum. Yaƙi da rashin ɗa'a da aka ƙaddamar a Maris 1984 ya sa kofur da bulala a tashar mota yana koya wa manya bin layi, ma'aikacin da ya makara kuma ya yi tsallen kwaɗo. Mutane da yawa sun yaba, har yau ma akwai masu begen abin, kuma wannan yabo wani ɓangare ne na tarihin da bai kamata a ɓoye ba: farar hula da kansu sun sha roƙon soja ya fito. Doka ta 2 ta wannan shekara ta ba da ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba, ta kuma rayu har ƙarshen mulkin soja. Ibrahim Babangida ya ɗauki laƙabin Shugaban Ƙasa, ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kansa a 1989, ya gina musu ofisoshi, sannan ya soke zaɓen 12 ga Yuni 1993. A zamanin Sani Abacha aka daidaita wani sabon salo, wato rundunar haɗin gwiwa ta soja da 'yan sanda mai zaman dindindin: irin ta aka kafa a ƙasar Ogoni a 1994, kafin rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Nuwamba 1995, irin ta kuma Buba Marwa ya kafa a Legas don yaƙi da 'yan fashi, jihohi da dama suka kwaikwaya. A wannan zamani ne wata tsohuwar kalma ta farfaɗo. Kantoma a zamanin Turawa shi ne jami'in da ke kula da unguwar bariki da Sabon Gari, sunan ma daga laƙabinsa na Ingilishi aka aro shi. Sai ga shi ya zama sunan wanda aka naɗa ya riƙe ƙaramar hukuma ko jiha ba tare da zaɓe ba, kamar dai a ce ƙasar duka ta koma unguwar bariki.

5.0 Bayan 1999

Tsarin mulkin 1999, wanda shi kansa da dokar soja ta 24 aka zartar da shi, ya jera ayyukan rundunonin soja a sashe na 217. Bayan kare ƙasa daga harin waje da tsare iyakokinta, ya ba su aikin murƙushe tawaye da taimaka wa hukumomin farar hula wajen maido da doka idan Shugaban Ƙasa ya kira su. An tsara wannan a matsayin abin da za a yi idan larura ta kama. Olusegun Obasanjo, da hawansa, ya yi wa hafsoshi sama da 90 da suka taɓa riƙe muƙaman siyasa ritaya, matakin da ya taimaka ƙwarai wajen rufe ƙofar juyin mulki. Amma wata shida bai cika ba ya buɗe ɗaya ƙofar. A Nuwamba 1999, bayan kashe 'yan sanda 12 a Odi ta Jihar Bayelsa, aka tura soja suka rushe garin kusan baki ɗaya. A 2013 wata Babbar Kotun Tarayya ta umarci gwamnati ta biya diyyar Naira biliyan 37.6. A Oktoba 2001 aka kashe sojoji 19 a rikicin Tibi da Jukun, sai soja suka shiga Zaki Biam da ƙauyukan kewaye suka kashe farar hula sama da 200, a ƙasar Tibin nan da aka tura su a 1964. Shugaban sojan ƙasa, Laftana-Janar Luka Yusuf, ya nemi gafara a 2007.

Rikicin Boko Haram shi ya mayar da larura al'ada. A Yuli 2009 soja ne ya murƙushe tarzomar Maiduguri, ya kama Muhammad Yusuf ya miƙa shi ga 'yan sanda, ya mutu a hannunsu. A 2011 aka kafa rundunar haɗin gwiwa a Barno, a Mayu 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa, a wannan shekara kuma aka kafa Runduna ta 7 a Maiduguri. Babu mai musun cewa ƙungiyar da ta ƙwace ƙananan hukumomi ta kafa tuta a Gwoza a 2014 ta wuce aikin ɗan sanda, kuma dubban sojoji sun ba da rayukansu a wannan fage. Matsalar ita ce yadda aka shimfiɗa wannan magani a kan kowace irin cuta: rikicin manoma da makiyaya, satar shanu, satar mai, zanga-zanga, gadin akwatin zaɓe, har rakiyar manya zuwa biki. A 2017 Kakakin Majalisar Wakilai, Yakubu Dogara, ya koka cewa soja yana aikin tsaro a jihohi 28 daga cikin 36.

Soja an horar da shi ne ya ga abokin gaba ya kawar da shi, ɗan sanda kuwa ya ga wanda ake tuhuma ya kai shi gaban alkali da shaida. Idan aka ba na farko aikin na biyu, sakamakon yakan zama irin na Zariya a Disamba 2015, inda hukumar binciken da Jihar Kaduna ta kafa ta samu cewa an kashe mutum 348 a arangamar soja da mabiyan Ibrahim Zakzaky, 347 daga ciki an binne su a kabari guda. Ko na mashigar Lekki ran 20 ga Oktoba 2020, inda soja suka buɗe wuta a wurin zanga-zangar da, abin mamaki, ta taso ne saboda zaluncin 'yan sanda. Ko na Tudun Biri a Disamba 2023, inda jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam a taron Mauludi ya kashe aƙalla mutum 85.

Ta fuskar siyasa kuma, rashin juyin mulki bai zama rashin tasiri ba. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 16 tsofaffin shugabannin mulkin soja biyu ne suka yi su a kan kujera ta hanyar zaɓe, David Mark kuma, tsohon gwamnan soja na Jihar Neja, ya shugabanci Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2015. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Fabrairu 2015, lokacin da hukumar zaɓe ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, saboda shugabannin tsaro sun sanar da ita cewa soja ba zai samu sukunin tsare zaɓen ba. Ko da dalilin gaskiya ne, abin da ya tabbata shi ne ƙasar ta kai matsayin da ba a iya jefa ƙuri'a sai bariki ya ce ya shirya, shekara 50 bayan takaddamar Azikiwe da Tafawa Ɓalewa.

6.0 Sunayen Farmaki

Wani abu da ya cancanci kulawar masana harshe shi ne dawowar harsunan gida cikin sunayen da rundunar take raɗa wa ayyukanta. A Arewa Maso Gabas an yi Zaman Lafiya, sai Lafiya Dole a 2015, sai Haɗin Kai a 2021. A Arewa Maso Yamma an yi Harbin Kunama, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Ɗansadau a 2016 sanye da kakin soja, da Sharan Daji, da Diran Mikiya na sojan sama a 2018, da Hadarin Daji a 2019, da Fansan Yamma a 2024. A Kudu Maso Gabas an yi Egwu Eke a 2016, wato rawar mesa da harshen Ibo, a yankin Binuwai kuma Ayem Akpatuma da harshen Tibi a 2018. Ana raɗa wa farmaki suna da harshen wanda ake so ya ji, saboda haka zaɓen harshen ya isa shaida cewa waɗanda ake yi wa magana 'yan ƙasa ne. Hikimar sunayen ma ta bambanta: wasu lallashi ne, wasu barazana da dabbobin dawa, Lafiya Dole kuwa ya haɗa kalmomi biyu da Bahaushe bai saba jin su tare ba, domin a wurinsa lafiya abar roƙo ce da addu'a.

Akwai kuma batun nahawu. Kalmomin shara da dira da fansa duk jinsin mace ne, saboda haka a daidaitacciyar Hausa Sharar Daji da Dirar Mikiya da Fansar Yamma ya kamata a ce. Sanya mahaɗin namiji a kan kowane suna ana jin sa a wasu karorin kudancin ƙasar Hausa, yana kuma daga cikin fitattun alamomin Barikanci, Hausar da kurtun Lugga suka yi fareti da ita. Gidajen rediyo da jaridun Hausa sukan rarrabu a kan wannan: wasu suna gyara sunan ya bi ƙa'ida, wasu suna barin sa yadda hedkwatar tsaro ta rubuta shi.